Koren ruwa: daga kwamin kifi zuwa tafkin gari

1/ Zare kan gansakuka 🧵

Duk wanda ruwan kwamin kifinsa ya yi kore, ko tafkin garinsu ya yi kore, tambaya ɗaya yake yi: wane magani zan zuba? Ni a ganina tun daga tambayar aka kauce hanya. Abin da ya kamata a tambaya shi ne, me ke ciyar da gansakukar nan? Ku biyo ni, zaren da ɗan tsawo.

2/ Da mutanenmu na Batsari da Safana nake musamman, daga Ruma da Wagini har Runka da Tsaskiya. Matasan da suka zuba 'yan kuɗinsu a kiwon tarwada a bayan gida, da masu dabbobin da ba su da mashaya sai tafki, da iyayenmu mata da ke komawa kududdufi duk ranar da burtsatse ta lalace.

3/ Na san wani zai ce, haba Malam, ana fama da 'yan bindiga kai kana zancen gansakuka? To ai saboda matsalar tsaron ne ma. Mutanen ƙauyuka sun taso sun cika gari. Dabbar da a da ake korawa can gefen dajin Rugu, yau a bakin tafkin gari take wuni. Ruwa bai ƙaru ba, masu shiga cikinsa sun ninka.

4/ Kuma matashin da gonarsa ta daji ta gagare shi zuwa, da yawa kwami ko tamfol na kifi a tsakar gida shi ne jarin da ya rage masa. In kifin nan ya mutu a dare ɗaya, ba shi da wata ƙofa. Don haka zancen koren ruwa zancen abinci ne da jari da lafiya.

5/ Bari in fara da waɗanda suka fi kowa nazarin abin: masu ajiye kifin ado a akwatin gilashi da shuke-shuke a ciki, irin wanda kuke gani a falon wasu gidaje a Katsina da Kano. Akwatin nan tafki ne ƙarami. Abin da ke ɗaukar tafki wata uku, a cikinsa sati biyu ya isa ka gani da idonka.

6/ Abin da suka gano ba shi da wuya. Gansakuka na buƙatar abu biyu: haske da abinci. Abincinta shi ne naitrojin da fosfaras, sinadaran nan dai da muke saye a buhun yuriya da kamfa da sufa. A cikin akwatin gilashi, daga kashin kifi da ragowar abincin da bai cinye ba suke fitowa.

7/ Ƙwayoyin gansakuka kuwa suna ko'ina, a iska, a ƙura, a bokitin da ka ɗebo ruwa. Ba ka isa ka hana su shiga ba. Abin da ke hannunka shi ne ko za su tarar da tuwo a ajiye ko ba za su tarar ba. Ruwa ba ya tsami banza.

8/ Shi ya sa gogaggun masu akwatin gilashi ba sa fara wa da magani. Suna janye akwatin daga taga inda rana ke bugunsa. Fitila awa 6 zuwa 8 a rana, a kashe. Abinci gwargwadon abin da kifin zai cinye cikin minti biyu ko uku. Duk sati a kwashe kamar kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan a zuba sabo.

9/ Sai babban sirrin: su cika akwatin da shuke-shuke masu saurin girma. Shuka da gansakuka kwano ɗaya suke ci. In shukar ta yi ƙarfi, ita ke riga wawashe abincin, ganyenta kuma ya yi inuwa. Gansakuka ta rasa ci, ta rasa haske, ta ja baya da kanta ba tare da an ɗiga komai ba.

10/ Takashi Amano, Bajapanen da ya yi suna a duniya wajen tsara irin waɗannan akwatuna kafin rasuwarsa a 2015, da ɗimbin shuka yake fara kowane akwati. Diana Walstad ta Amurka ta rubuta littafi guda a 1999 kan yadda shuka ke tsaftace ruwan kifi. Hanyoyinsu sun bambanta, amma a wannan gaɓar sun haɗu.

11/ Wanda ya zuba magani kuma fa? Gilashi zai yi fes kwana biyar. Gansakukar da ta mutu ta nutse, ta ruɓe, ta mayar wa ruwan duk abincin da ta ci. Hasken yana nan, cin yana nan, ga ƙarin taki. Sati biyu ta dawo fiye da da. Sai a sake sayen kwalba. Mai shago ne kaɗai ya ci riba.

12/ Kar ku ce ai wannan wasan masu kuɗi ne. An gwada shi a tafki na gaske. A 1973, wani masani David Schindler da abokan aikinsa a Kanada suka raba wani tafki gida biyu da labulen roba. Duka ɓangarorin suka zuba musu naitrojin da kabon. Ɓangare ɗaya kaɗai suka ƙara wa fosfaras.

13/ Ɓangaren da ya sami fosfaras ya koma kore shar kamar miyar kuka. Ɗayan yana nan garau. Tafki ɗaya, rana ɗaya, iska ɗaya. Hoton da aka ɗauka daga sama ya zagaya duniya, ya taimaka wajen sa hukumomi da dama rage fosfaras a garin sabulun wanki. Ku nemi hoton a intanet, Tafki na 226 ake ce masa.

14/ To mu dawo gida, mu fara da kwamin tarwada. Ɗan'uwa mai kiwo, a cikin naitrojin ɗin da ke buhun abincin da ka saya da tsada, abin da ke zama nama a jikin kifi bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku ba. Sauran duk cikin ruwa yake komawa. Wannan in ya cinye kenan.

15/ In kuma kana watsa abinci ka juya ka tafi, wanda ya nutse ƙasa asara biyu ce. Ka yi asarar kuɗin abincin, ka kuma saya wa gansakuka taki. Tsaya a bakin kwamin, ka riƙa watsawa kaɗan-kaɗan. Da ka ga sun rage rububi, ka ɗaure bakin buhu. Kifi ba ya mutuwa don ya kwana da 'yar yunwa.

16/ Sai rana. Kwami a tsakiyar fili ba rumfa, a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, ai gonar gansakuka ka buɗe. Zana biyu ko rumfar kara da za ta rufe rabin kwamin ta fi kowace kwalbar magani. Tarwada ma da ma kifin duhu ce, ta fi sakewa a inuwa.

17/ Ga abin da ke kashe kifi da asuba, wanda mutane ke ɗora wa sammu ko baƙin ido. Da rana gansakuka na fitar da iskar oksijin. Da dare ta daina fitarwa, ta koma shaƙa, ita da kifin da ƙwayoyin da ke ruɓar da datti. In ta yi kauri, kafin kiran assalatu iskar ruwan ta ƙare.

18/ Ga shi ruwan zafi bai riƙe iska kamar mai sanyi. Shi ya sa a bazara abin ya fi muni. Tarwada babba na da wata gaɓa a kanta da take shaƙar iskar sama da ita, sai ta yi ta hawa tana sauka, ta rayu amma girma ya tsaya. Karfasa ba ta da wannan gatan. Ita sai dai a wayi gari a kwashe.

19/ Don haka in kana son sanin lafiyar ruwanka, ba da azahar ake dubawa ba. Fito bayan sallar asuba da tocila. In ka ga kifi sun taru a sama suna buɗe baki, kar ka ba su abinci ranar. Rage ruwan ta ƙasa inda dattin yake, ka ƙara sabo a hankali.

20/ Amma a yi adalci, ba kowane kore ne abokin gaba ba. Mai kiwon karfasa a tafkin ƙasa da gangan yake zuba ɗan taki don ruwan ya yi kore-kore, saboda karfasa na cin ƙananan gansakukar nan. Abinci ne kyauta. Abin da ake gudu shi ne ya wuce kima, kuma akwai ma'aunin da ba ya cin ko kwabo.

21/ Tsoma hannunka a ruwan, tafin yana kallonka. In tafin ya ɓace daidai lokacin da ruwa ya kai gwiwar hannu, kamar santimita 30, koren ya yi daidai. In ya ɓace tun ruwa bai wuce tsintsiyar hannu da yawa ba, ya yi kauri: tsayar da taki, rage abinci, ƙara ruwa.

22/ Ruwan da ka zubar daga kwami kuma, don Allah kar ka sake shi kwata ya gangara tafkin unguwa. Taki ne narkakke. Ja shi zuwa gindin zogale, ko ka yi ɗan fegin alayyafo da yakuwa da tumatir a gefe. Dabarar masu akwatin gilashi kenan, shuka ta cinye abin da gansakuka za ta ci, kai kuma ka sami cefane.

23/ Yanzu babbar magana: tafkin gari da ƙananan madatsun ƙasa. Ku tsaya ku lissafa abin da ke shiga cikinsu. Ruwan farko na damina ya wanke gonakin da aka watsa wa taki ya kawo. Ya wanke juji da bayan gari inda ake zagayawa ya kawo. Kwatar gidaje ta kawo. Masu wanki da wankin babur su ƙara da kumfa.

24/ Sai shanu da tumaki su shiga har ciki, su sha, su yi kashi da fitsari a inda suke tsaye. Tafki kuwa ba shi da mafita. Daga Oktoba zuwa Mayu ruwa ne kawai ke tashi sama, takin yana nan. Kamar miya ce a kan wuta, kullum ƙara kauri take. Bazara na zuwa da zafinta, sai kore ya rufe.

25/ A nan ne nake so ku buɗe kunne. Gansakuka iri-iri ce. Akwai mai zare-zare kamar gashi, wadda yara ke naɗowa a sanda. Ita wannan ƙazanta ce da toshe bututu, amma galibi ba ta da dafi. Akwai kuma wadda ke kwanciya a saman ruwa kamar an zubar da koren fenti, wani lokaci da shuɗi-shuɗi, da wari.

26/ Ta biyun nan a haƙiƙa ƙwayoyin bakteriya ne, masana na ce musu sayanobakteriya. Wasu daga cikinsu na fitar da guba. Wadda aka fi sani, maikrosistin, hanta take kamawa. Wata kuma jijiya take kamawa, dabba ta sha ta fara karkarwa, kafin wani lokaci ta faɗi a nan kusa da ruwan.

27/ Abin ba sabo ba ne. Tun 1878 wani George Francis ya rubuta yadda tumaki da dawaki da karnuka suka mutu bayan shan irin wannan ruwa a tafkin Alexandrina na Ostireliya. A 2020 giwaye sama da 300 suka mutu a yankin Okavango na Botswana, gwamnatin ƙasar ta ce wannan gubar ce a wuraren shan ruwansu. Giwa fa, balle tunkiya.

28/ Mutane ma bai bar su ba. A 1996 a garin Caruaru na Brazil, masu wankin ƙoda sama da 50 suka rasu saboda ruwan da aka yi musu aiki da shi ya fito daga madatsar da wannan abu ya mamaye. A Agustan 2014 aka hana mutum kusan 400,000 a birnin Toledo na Amurka shan ruwan famfo kusan kwana uku.

29/ A Toledo har cewa aka yi kar ma a tafasa ruwan. Dalili? Tafasawa na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta lalata wannan gubar. Ruwan ne ma ke raguwa gubar ta ƙara kauri. Wannan ya kamata kowace uwa ta sani, don mu a wajenmu da an tafasa ruwa an gama magana.

30/ Alam da garin ƙwallon zogale suna kwantar da laka, ruwa ya yi haske, kuma suna da amfaninsu. Amma gubar da ta riga ta narke a ruwa ba ta kwanciya da laka. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa maikrosistin a ruwan sha na kullum shi ne giram ɗaya a lita miliyan ɗaya. Ido ba ya ganin wannan.

31/ Gwaji biyu na gida. Na farko, tsoma sanda ka ɗago. In ta fito da zare yana lilo, mai gashin ce. In ta fito kamar an tsoma ta a fenti, yi hattara. Na biyu, cika kwalba mai haske ka ajiye a wuri mai sanyi ta kwana. In koren ya kwanta ƙasa, da sauƙi. In ya taru a sama, abin zargi ne.

32/ Gwajin nan ba ya maye gurbin ɗakin bincike, kuma ba duk mai kama da fenti ke da guba a kowace rana ba. Amma kai da ke da saniya biyu ba ka da halin caca. In ka ga haka, kar dabba ta sha, kar yara su yi iyo. Ka kuma lura da gefen da iska ke kaɗawa, can take taruwa ta yi kauri.

33/ Mai dabbobi, in ka ga tumaki sun dawo daga tafki da zawo da kasala, ko fatar wuraren da ke da farin gashi ta fara saɓulewa a rana, ko biyu uku sun faɗi lokaci ɗaya, ka gaya wa malamin dabbobi inda suka sha ruwa. Sau da yawa ana ta allura ana neman cuta, ba wanda ya je ya leƙa tafkin.

34/ To me zai hana a zuba magani a tafkin a huta? Nan ne haɗarin ya fi girma. Gubar tana cikin ƙwayar ne a rufe. Ka zuba kofa salfet, shuɗin garin nan, ko wani abin da ke kashe ta, ƙwayoyin su fashe gaba ɗaya, gubar ta watsu cikin ruwa. Ruwan ya yi kyau a ido a daidai lokacin da ya fi illa.

35/ Masu ɗauko ragowar maganin ciyawa na gona su fesa a bakin tafki, da masu zuba Gamalin don kama kifi, ku ji tsoron Allah. Ruwan da maƙwabcinka zai yi alwala da shi ne, akuyar marainiya za ta sha. Sinadarin da ke cikin Gamalin, lindan, tun 2009 aka sa shi a jerin waɗanda duniya ta amince a daina a yarjejeniyar Stockholm.

36/ Abin yi a ganina, na farko: a raba baki da ƙafa. Dabba ta sha ruwan tafki ba tare da ta shiga cikinsa ba. A yi shinge ko da na ƙaya ne, a gina kwamin shayarwa a waje, a riƙa ja masa ruwa da inji ko guga. In hakan ya yi nauyi, a ware mashaya ɗaya ƙunƙuntacciya a zuba mata tsakuwa.

37/ Na biyu: a bar wa tafki gemunsa. Noma har bakin ruwa shi ke zuba taki kai tsaye. A bar 'yan taku goma ko fiye a kewaye, a dasa jema da gamba, musamman ta inda ruwa ke shigowa. Saiwarsu na tare laka, takin da ke manne da lakar ya tsaya nan. Gamba ta ba ka zana, jema ta ba ka abin saƙa.

38/ Na uku: wanki da wankin babur su koma nesa da baki, a haƙa ɗan rami ruwan kumfa ya nutse a ƙasa. Na huɗu: in tafki ya ƙafe a ƙarshen rani, a yashe baƙar lakar ƙasansa a kai gona. Takin shekaru ne kwance a wurin. Manomi ya samu, tafki ya ƙara zurfi, gansakukar baɗi ta rasa jari.

39/ Za a ce, to in shuka ce maganin, mu cika tafkin da kainuwa mana. A'a, a tsaya. Shuka na cire taki daga ruwa ne kawai in an cire ta ita ma. Masu akwatin gilashi kullum da almakashi suke, suna yanka suna zubarwa. Kainuwar da aka bari ta mutu a ciki, abin da ta ci ta mayar.

40/ Ku tambayi mutanen Hadeja da Nguru abin da kachalla ta yi musu. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 yanayin gudun ruwan ya canza, ciyawar ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su. Shukar da ba mai girbe ta, ita ma bala'i ce mai zaman kanta.

41/ Ga kuma tsargiya. Dodon koɗin da ke ɗauke da cutar fitsarin jini a cikin ciyawar ruwa yake zama. Wani bincike da aka yi a arewacin Senegal, aka wallafa a 2023, ya nuna cire ciyawar ƙarƙashin ruwa a mashigar da mutane ke shiga ya rage kamuwar yara, ciyawar kuma aka yi taki da abincin dabbobi da ita.

42/ Kun ga tsarin kenan. Ciyawa a kan tudu da ta inda ruwa ke shigowa. Mashigar mutane a share ta tas. Abin da ya tsiro a cikin ruwa a riƙa kwashewa ana kai wa ramin taki. Ba sai an kawo wata baƙuwar shuka daga wani wuri ba, abin da ƙasarmu ke da shi ya wadatar.

43/ Masu akwatin gilashi na birni, ku ma ga naku: in kun gaji da shi, kar ku juye kifin da shukar a kududdufi ko rafi. Ciyawar nan mai shuɗin fure da ta addabi ruwan Legas tun shekarun 1980, asalinta daga Kudancin Amurka take, kuma a matsayin furen ado aka yi ta yawo da ita a duniya.

44/ Wa zai ɗauki wannan aiki? Mafi yawansa bai kai ga Abuja ba. Mai unguwa da dagaci, da Sarkin Ruwa inda akwai, da arɗo, da liman, su suka san tafkin da masu amfani da shi. In za a iya yin gayya a gyara makabarta, za a iya yin gayya a yi shingen tafki. Doka ɗaya daga bakin dagaci ta fi allon sanarwa goma.

45/ Amma shinge kar ya zama hanyar korar makiyayi daga ruwa. Mu a wannan yanki mun san abin da rikicin mashaya da burtali ya jawo mana, ba sai an ba mu labari ba. In za a kewaye tafki, a fara gina kwamin shayarwa, a kuma zauna da masu dabbobin tun ranar farko. Ruwa mai kyau su ya fara yi wa amfani.

46/ Hukuma kuma tana da nata. Jami'ar Tarayya da ke Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, tana da sashen nazarin kifi, ga ta nan maƙwabtan Safana. Ɗalibai na neman abin bincike duk shekara. Kwalaben ruwa daga tafkunan Batsari da Safana a watan Maris da Afrilu, a duba a faɗa wa jama'a da Hausa wanne ke da haɗari.

47/ Malaman gona na KTARDA, in kun je koyar da sa taki, ku haɗa da wannan: takin da aka watsa a sama ruwa ya tafi da shi, wanda aka binne a gindin shuka ya zauna. Shirin ACReSAL da Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 700 a 2021 don jihohin Arewa, gyaran ƙasa da ruwa ne aikinsa. Ciyawar bakin tafki ta shiga ciki.

48/ Kuma abin bai tsaya a ƙauye ba. Abin da ruwa ya wanke daga gonaki da garuruwa, rafi ke kai shi madatsa. Dam ɗin Zobe da aka gama a 1983 a kan kogin Karaduwa, wanda aka ƙaddamar da aikin ruwan shansa a 2021, shi ma tafki ne babba, ƙa'ida ɗaya ke aiki a kansa. Mai shan famfo a birni yana da ruwa da tsaki a zancen.

49/ Ƙanena mai kwami: rage abinci, yi rumfa, duba da asuba, kai tsohon ruwa lambu. Baba mai shanu: in ka ga kamar fenti a saman ruwa, juya da su. Inna: tafasawa ba ta kashe wannan gubar, a nemi na rijiya ko burtsatse ko da da nisa. Mai shagon magani: in aka zo neman na gansakuka, fara tambayar ina za a zuba.

50/ Wanda ke da tafki a garinsu, ya ɗauko mana hotonsa a wannan makon ya sa a ƙasa, da sunan garin da abin da ke gangarawa cikinsa. In an samu da yawa sai mu haɗa mu miƙa wa masu binciken. A tura wa 'yan'uwa masu kiwo a WhatsApp, wanda bai iya karatu a karanta masa.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa damina ta yi albarka. Amin.